Tambayi Malam: Me Zai Tsotse Iskar Kabon Daga Ɗakina?

Tun ranar da na taɓo maganar iskar ɗakin kwana a wannan shafi, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma mafi yawansu abu ɗaya suke nema: me za a saya, ko me za a haɗa, da zai tsotse iskar kabon dayoksaid daga cikin gida? Na tsamo shida. Gaisuwa kawai na rage wa tsawo, tambayoyin ban taɓa su ba. Don sauƙin rubutu zan riƙa kiranta CO2, yadda ake rubuta ta a jikin na'urori.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna kwana a ɗaki mai AC, ƙofa da taga a rufe ruf don kada sanyi ya fita. Kusan kullum ina tashi da nauyin kai kamar ban runtsa ba. Ƙanena ya ara mini wata 'yar na'ura mai auna iska, da asuba na ga ta rubuta 2,900 ta kuma kunna jar wuta. Na sayi na'urar tace iska, ta yi dare uku tana aiki, lambar ko gezau. An cuce ni ne, ko ni ce ban iya kunnawa ba? Daga wata ma'aikaciyar ofis.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba a cuce ki ba, kuma kin iya kunnawa. Aikin da kika ba na'urar ne ba nata ba. Abin da ke cikinta wata takarda ce mai ninki-ninki da ke kama abu mai jiki: ƙura, toka, burbushin hayaƙi, garin furanni, gashin kyanwa. CO2 kuwa iska ce kamar oksijin ɗin da kike shaƙa, ƙwayoyinsu kusan girma ɗaya, duk kafar da wannan ta bi waccan ma za ta bi. Ɗiban ruwa da rariya kika yi dare uku. Wasu na'urorin suna da shimfiɗar baƙin gawayi a bayan takardar, shi kuma wari da tururin fenti yake kamawa, abin da zai riƙe na CO2 bai kai a ambata ba. Kada ki jefar da ita, a kan ƙura tana aiki sosai.

AC ɗin ma, in dai irin wanda ake mannawa a bango ne injinsa yana waje, ba ya shigo da iska ko kaɗan. Bututun da ya ratsa bango sinadarin sanyi yake ɗauka. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar miki. Mutane da yawa suna jin sanyin a fuska sai su ɗauka sabuwar iska ce.

Bari mu yi lissafin da na shafe shekaru ina sa ɗalibaina na kemistiri yi a allo. Iskar waje tana ɗauke da CO2 kimanin 420 cikin miliyan ɗaya, shi ne ppm ɗin da kike gani a fuskar na'urar. Numfashin da kika fitar yana da kusan 40,000, ninki ɗari kenan. Babban mutum yana fitar da kusan kilo ɗaya na CO2 a wuni da kwana. Ki riƙe kilon nan a ranki, don duk wanda ya ce miki yana da abin da ke cire CO2, tambayar da za ki yi masa ita ce: ina kilon ya tafi? Mai barci ba ya fitarwa kamar mai aiki, a ce lita 12 a awa. Ku biyu, awa takwas, kusan lita 200. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana ɗaukar iska lita 36,000. Da a toshe yake kamar kwalba, da kin tashi kin ga kusan 6,000. Kin ga 2,900 ne saboda ƙasan ƙofa da gefen taga suna yi miki aiki a ɓoye, ba ki taɓa gode musu ba.

Shin 2,900 abin tashin hankali ne? Ba za ta kashe kowa ba. Iyakar da hukumomin kare lafiyar ma'aikata suka sa a Amurka da wasu ƙasashe ita ce 5,000 na tsawon awa takwas, kuma sai an kai 40,000 ake cewa rai yana cikin haɗari nan take. Lambar 1,000 da za ki ji ana yawan ambata ta tsufa ƙwarai: wani masanin tsabtar muhalli a birnin Munik na Jamus, Max von Pettenkofer, shi ya kawo ta a 1858. Kuma shi kansa ma'auni ya ɗauke ta. Idan CO2 ta taru, to duk sauran abin da jikin mutane ke fitarwa ya taru tare da ita, wari da tururi, da kuma abin da muka sani yau, ƙwayoyin cutar mura da tari. Ni ga yadda nake karanta lambarki. Cire 420 na waje, ki raba abin da ya rage da 40,000, za ki samu kusan kashi 6 cikin ɗari. Wato duk numfashi goma sha shida da kika ja da asuba, ɗaya ya riga ya shiga huhun ɗayanku ya fito. Tsakanin mata da miji wannan da sauƙi. A aji mai yara sittin, ɗaya yana tari, magana ta canza.

Game da ko CO2 ita kanta tana dusashe tunani, masana ba su daidaita ba. A 2012 wani bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka ya nuna mutane sun ragu wajen yanke shawara a 1,000, sun ragu sosai a 2,500. Masu bincike a jami'ar Harvard sun samu makamancin haka a 2015. Amma da aka gwada ma'aikatan jiragen ƙarƙashin teku da adadin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, ba a ga raguwar ba. A Denmak kuma an gwada ɗalibai a ɗakunan kwanansu, aka ga barcinsu ya fi inganci a daren da iska ke shiga. Abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne, ko CO2 ce mai laifin ko abokan tafiyarta, maganin ɗaya ne: a sauya iskar.

Na gwada a ɗakina, da na'urar da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini tsaraba. Daren farko komai a rufe, na tashi na ga 2,300. Dare na biyu na bar ƙofar ɗakin a buɗe faɗin tafin hannu, tana kallon falo, na ga 1,300. Dare na uku na ƙara da taga faɗin yatsa biyu, ragar sauro tana nan, na ga 800 da 'yan kai. Uwargida ta ce na mayar da ɗakin kwana ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma yi ƙorafin sanyi yana gudu, kuma gaskiyarta ne, AC zai ƙara cin wuta kaɗan. Amma ki lura da abin da ya faru a dare na uku: kafa biyu ake so, ɗaya shiga ɗaya fita, kuma su kasance a ɓangarori daban. Taga ɗaya ita kaɗai, iska leƙowa take yi ta koma.

Ma'aunin da injiniyoyi suka fi amfani da shi shi ne kimanin lita 10 na sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane mutum. A awa ɗaya lita 36,000 kenan, daidai cikin ɗakin da muka yi misali da shi. Mai barci ba ya buƙatar duk wannan. In tsaro ko hayaniya ba za su bar ki ki buɗe taga ba, a sa miki ƙaramar fanka mai fitar da iska a bango, irin ta banɗaki, a bar ƙasan ƙofa ba a toshe ba. Akwai kuma na'urar da ke fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, su gifta juna a cikin wani akwati ba tare da sun gauraya ba, sanyin mai fita ya koma jikin mai shigowa. Ita ce amsar masu AC da ba sa son asarar sanyi. Fankar sama kuwa juya iskar ɗakin kawai take yi.

Ki gwada mako guda. In nauyin kan bai tafi ba, ki daina zargin iska, ki je a auna miki hawan jini, ki kuma tambayi maigida ko kina minshari mai yankewa, don shi ma yana tashin mutum da ciwon kai.

Tambaya: Malam, na karanta cewa hukumar NASA ta tabbatar tsirrai suna tsabtace iskar ɗaki, don haka na jera tukwane tara a ɗakina. Mahaifiyata kuma ta ce in riƙa fitar da su da dare, wai suna shanye wa mutum iska. Wa ke da gaskiya? Daga wani matashi mai son furanni.

Amsa: Ɗana, ka yi mini afuwa wurin Mama, amma ku biyun duk kun ba tukwanen nan girman da ba su kai ba.

Tsiro ba ya ɓatar da CO2, jikinsa yake ginawa da ita. Ganye da reshe da saiwa, yawancin busasshen nauyinsu daga iska ya zo. Kilo ɗaya na CO2 yana zama kimanin giram 600 na busasshen jikin tsiro. To ina kilonka ya tafi? Kafin tukwane tara su cinye numfashinka, sai sun ƙara busasshen nauyi giram 600 kowace rana, kilo 18 a wata, ban da ruwan da ke jikinsu. Je ka duba su. Ganye nawa suka fitar a watan jiya? Ga kuma matsalar haske: hasken ɗaki, ko da idonka yana ganin ya isa, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hasken rana tsaka ba, kuma da haske tsiro ke wannan aiki.

Binciken NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, gaskiya ne an yi shi, a 1989, ƙarƙashin wani masani mai suna Wolverton. Sai dai a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi, kuma tururin sinadarai irin su benzin da fomaldehaid aka auna. A 2019 masu bincike biyu a jami'ar Drexel suka tattara gwaje-gwajen shekaru masu yawa, suka lissafa cewa kafin tsirrai su kamo abin da iskar da ke shiga gini take yi, ana buƙatar tsakanin tukunya 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita ɗaya. Ina za ka sa gado?

An ma taɓa gwada abin da gaske. A jihar Arizona ta Amurka an gina wani katafaren gidan gilas mai suna Biosphere 2, faɗinsa ya haura eka uku, da ƙaramin daji da gona da ɗan teku a ciki. Mutum takwas suka shiga a watan Satumba na 1991 aka rufe su shekara biyu. Duk da wannan ganye, oksijin ya sauka daga kashi 21 cikin ɗari zuwa kusan 14, saboda ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar gonar suna numfashi su ma, sai da aka tura musu oksijin daga waje.

Maganar Mama kuma tana da tushe: da dare tsiro yana shan oksijin ya fitar da CO2. Amma ɗan abin da tukwane tara za su fitar, kyanwar da ta kwana a ƙarƙashin gado ta fi su. Za ka kuma ji ana tallar alobera da moɗa, mai dogayen ganye kamar takobi, cewa su da dare suke shan CO2. Haka ne, dabarar tsirran busassun wurare ce don kada su yi asarar ruwa da rana, amma su ne ma suka fi kowa jinkirin girma. Bar furanninka inda suke don kyan gani. Ni ma ina da uku a bakin taga.

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare. Mun yi gwajin hura numfashi a ruwan farar ƙasa ya koma fari kamar madara, malaminmu ya ce CO2 ce ruwan ya kama. Na yi tunanin in narka sodar yin sabulu a bokiti, tunda ta fi ƙarfi, in sa fanka tana hura iskar ɗaki a kai. Zai yi aiki? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Tunaninka ya bi hanya daidai, kuma na ji daɗinsa. Amma kada ka yi. Zan gaya maka dalili, bayan na ba ka haƙƙinka.

Gwajin da kuka yi ya haura shekara 260. Da irinsa Joseph Black ya bambance wannan iska daga sauran iska a Sukotlan, a shekarun 1750. Farin da ka gani alli ne: CO2 ta haɗu da farar ƙasa ta zama dutse. Kuma da wannan dabara ake aiki har gobe. A ɗakin tiyata, injin da ke sa majiyyaci barci yana mayar masa da numfashinsa ne bayan ya bi ta wani gwangwani cike da fararen ƙwayoyi, yawancinsu farar ƙasa ce da ɗan soda. Idan suka ƙoshi sai launinsu ya koma na shuni, a zubar a zuba sabbi. Masu nutso cikin teku da ba sa son kumfa ta fito su ma da su suke amfani.

Yanzu ɗauko biro. Giram 100 na ƙwayoyin nan, in sun yi iyakar ƙoƙarinsu, lita 25 suke kamawa. Kilonka na wuni da kwana ya kai lita 550. Kana buƙatar fiye da kilo biyu kowace rana, kai kaɗai, kuma kowace safiya ka fitar da shara mai nauyin kilo uku. Gida mai mutum shida fa? Nan ka ga inda kilon ya tafi, ya tafi bola, da kuɗinka a bayansa.

Waɗanda ke wannan wahala su ne marasa taga. A watan Afrilu na 1970, bayan tankin oksijin ya fashe a kumbon Apollo 13, 'yan sama jannati uku suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka gina don mutum biyu na ɗan gajeren lokaci. CO2 ta fara taruwa. Suna da gwangwanayen sinadarin litiyam na babban kumbon, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kumbon kuma zagayayye. Da leda da kwali da tiyo da salatif suka haɗa su, injiniyoyi suna karanto musu mataki-mataki daga ƙasa. Jiragen ƙarƙashin teku suna amfani da wani ruwa mai suna amin, wanda ke kama CO2 yana da sanyi ya sake ta in an dafa shi, a tura ta cikin teku. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana amfani da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait, su kama, a zafafa su, a watsa CO2 ɗin waje. Kuma duk da kuɗin da aka zuba, iskar tashar ta ninka ta doron ƙasa sau da yawa a yawan CO2, mazauna cikinta suna kukan ciwon kai. Da za su iya buɗe taga da sun yar da injinan nan tuni. Kai kuwa kana da ita a bayan labule.

Dalilin hanin shi ne sodar kanta. Idan ka zuba ta a ruwa sai ya yi zafi har ya iya tafasa ya fantsamo. Tana cin fata, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Fanka a kan bokiti tana nufin ƙananan ɗigo suna yawo a ɗakin da kake barci, suna shiga huhu. Ga ƙannenka da za su ga ruwa garau a bokiti. Ina da tabo a wuyan hannuna na hagu tun shekarata ta biyu da fara koyarwa, ɗigo ne ya gangara cikin hannun riga ban ji ba sai da ya yi aikinsa, don soda ba ta zafi da farko, santsi kawai za ka ji. Garin neman gira kada a rasa ido, kuma a nan ido na gaske nake nufi.

In kana son gwaji mai kyau, nemi kwalba biyu a makaranta, malaminka yana tsaye. Ɗaya ka hura mata numfashi da tsinken shan lemo, ɗaya ka tura mata iskar waje da famfon keke. Ƙirga tsawon lokacin da kowace ta ɗauka kafin ta yi fari, ka rubuto mini.

Tambaya: An ce CO2 ta fi iska nauyi. Yarana a katifa suke kwana a ƙasa. Ba a kansu take taruwa ba? Daga wata uwa.

Amsa: Kwantar da hankalinki. Gaskiya ne ta fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, amma wadda ke fitowa daga hanci a gauraye take da iska mai ɗumi, sama ma take fara yi, sannan ta bazu ko'ina. Na ajiye na'urata a ƙasa na kuma ɗora ta kan kabad, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda nauyin ke kisa shi ne inda ta fito tsantsa, da yawa, a wuri mai zurfi. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos a Kamaru ya amayar da CO2 da ta daɗe a narke a ƙasansa, ta gangara kwaruruka kamar ruwa, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, da yawa suna barci. A ƙaramin mataki, haka take yi a tsohuwar rijiya, da ramin masai, da rumbun hatsi da aka rufe, da tankin da wani abu ke ruɓa a ciki. Idan mutum ya faɗi a irin wannan wuri, kada kowa ya bi shi da gudu. Sau da yawa gawa ta biyu ta mai ceto ce.

Tambaya: Malam, na sayi na'urar auna CO2. Tunda za ta yi ƙara in iska ta ɓaci, zan iya kunna janareta a lungun da ke tsakanin ɗakuna in ana ruwan sama? Daga wani magidanci.

Amsa: A'a, Alhaji. Ko sau ɗaya. Wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali a cikin shidan.

Iskar da ke kashe mutane daga janareta da murhun gawayi sunanta kabon monoksaid, CO. Sunan ya yi kama, halin ya sha bamban. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana manne wa jini fiye da oksijin sau sama da 200, kuma 'yan ɗaruruwa cikin miliyan sun isa su kwantar da mutum. Na'urarka ba ta ganinta sam. CO2 in ta yi yawa jiki yana sani, numfashi ya yi sauri, mutum ya ji ƙunci ya nemi fita. CO lallaɓawa take yi: ciwon kai, jiri, kasala, barci, shi kenan. Janareta waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, a yi masa 'yar rumfa saboda ruwa. Na'urar CO daban ake sayenta, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin biyun, ita zan ɗauka.

Tunda mun zo kan wuta: murhun gas ma yana cika gida da CO2. Kilo ɗaya na gas yana haifar da kusan kilo uku, kuma kai ɗaya na murhu a kunne yana fitar da abin da ya fi na mutum goma a zaune. Tagar kicin a buɗe take zama muddin wuta na ci.

Ka kuma gwada na'urar taka, don akwai na bogi da yawa. Ta gaskiya da haske take aunawa, za ka ga an rubuta NDIR a kwalinta. Ta bogi warin sinadarai take shinshina ta yi kintace. Fita da ita waje minti goma, ya kamata ta sauka kusa da 420. Sannan fesa turare kusa da ita. In lambar ta yi tsalle, kintace take yi.

Tambaya: Malam, ni ba ciwon kai ne ya dame ni ba, ɗumamar duniya ce. Ba za a iya ƙera ƙaramin inji kowane gida ya riƙa cire nasa kason daga sararin sama ba? Ko numfashinmu ma ai ƙari ne. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, fara da sauke wa kanki laifin numfashi. Kabon da kike fitarwa daga abinci ya zo, abincin kuma tsiro ne da ya ciro shi daga iska bara ko bana. Zagaye yake yi. Wanda ya ɗaga iskar duniya daga kimanin 280 kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau shi ne wanda aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, kwal da fetur da gas, sai kuma sare dazuzzuka da yin siminti.

Injin da kike tunani akwai shi, sai dai ba na gida ba ne. Wahalar ita ce CO2 'yar kaɗan ce a iskar waje: murabba'in mita mai tsayin mita ɗaya, wato lita 1,000 na iska, bai ɗauke da ko giram ɗaya cikakke ba. Kafin ki tara kilo ɗaya sai kin tace iskar da za ta cika ɗaki 36 irin wanda muka yi misali da shi, kuma ki kama komai ba ki bar ko kaɗan ba. Daga nan sai zafi don raba ta da abin da ya kama ta. In wutar da injin ke ci daga gas ko kwal aka samo ta, ana iya fitar da fiye da abin da aka kama. In kin kama kuma, ina za ki kai? Farar ƙasar da ɗalibinmu na sama ya ambata ba mafita ba ce, don gasa dutse ake yi a zafin kusan digiri 900 kafin a same ta, kuma a wurin gashin dutsen yana sakin daidai CO2 ɗin da zai kama daga baya, ban da ta makamashin.

Kamfanin Climeworks na Suwizalan ya kafa irin wannan masana'anta a Aisilan, inda ake samun zafi da lantarki daga ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai dutsen da in an tura masa CO2 a narke cikin ruwa sai ta daskare a jikinsa. Ta farko, Orca, ta fara aiki a 2021, an tsara ta don tan 4,000 a shekara. Ta biyu, Mammoth, a 2024, don tan 36,000. Duniya kuwa tana fitar da kusan tan biliyan 37 a shekara daga ƙona makamashi. Ko babbar ta yi aiki cikakke shekara guda, abin da duniya ke fitarwa a rabin minti ta kwashe. Ban raina aikin ba, da haka kowace fasaha ke farawa. Amma a gida, lita ɗaya ta fetur da ba a ƙona ba ta hana kilo 2.3 fita, ba inji ba shara.

Abin da gida zai iya ajiyewa da gaske shi ne itace. Kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne, don haka kilo ɗaya na katako yana riƙe da abin da ya kai kilo 1.8 na CO2, muddin bai ruɓe ba kuma ba a ƙona shi ba. Bishiya a tsakar gida, inda rana ke dukanta, tana yin abin da tukwanen ɗaki ba za su iya ba, inuwarta kuma tana rage wa AC aiki. Da na gama wannan lissafi sai na ɗora teburin da nake rubutu a kai kan sikeli, na mahaifina ne, ya girme ni. Kilo 30. Yana riƙe da kusan kilo 55 na CO2 tun kafin a haife ni, daidai abin da lita 24 na fetur ke fitarwa, wato rabin tankin ƙaramar mota.